Misirlou: yadda za ka saurare shi, da yadda za ka kaɗa shi a jita

Wani matashi ya aiko da wannan tambaya: "Malam, wata takwas ke nan ina koyon jita. Na ci karo da wani kiɗan Amurka mai suna Misirlou, kiɗa ne zalla babu waƙa, jitar tana ta zuba kamar ruwan sama a kan kwano. Na gwada bin sa, amma kafin rabin minti hannuna ya ƙage. Me ya sa yake min kama da kiɗan Larabawa, kuma ta ina zan faro?"

Ƙanena, ƙagewar hannun nan kowa da ita ya fara, kuma tana da magani. Amma ina so ka fara cire maganar sauri daga ranka. Duk wanda ya zo min da Misirlou, saurin ne yake ruɗarsa, sai ya duƙufa yana ta dukan tsirkiya da ƙarfin tsiya har damtsensa ya sandare. Alhali abu biyu aka ɗora a kan juna a kiɗan nan: wata tsohuwar waƙa mai tafiya a natse, da hannun dama mai aikin ganga. In ka raba su, ka san kowanne shi kaɗai, ragowar aikin haƙuri ne kawai.

Kunnenka bai yi maka ƙarya ba da ya ce ya ji Larabci a ciki. Sunan ma daga kalmar Turkanci ya fito, ita kuma daga Misra ta Larabci, wato ƙasar da muke ce wa Masar. Ma'anarsa 'yar Masar, domin asalinta waƙar bege ce da ake rera wa wata Bamisriya. Ta daɗe tana yawo a gabashin Bahar Rum a bakin Girkawa da Larabawa da Turkawa da Yahudawa da Armeniyawa, kowa yana jin tasa ce. Faifan da aka sani mafi tsufa shi ne na wani mawaƙin Girka, Tetos Demetriades, wanda aka ɗauka a Amurka a 1927. Ka nemo shi ka saurara kafin ka sake taɓa jitarka. Za ka ji waƙar tana tafiya a hankali, tana rangaji, kowane sauti ana jan sa har ya gaji. Wannan ita ce waƙar da ke kwance a ƙarƙashin duk wannan ruwan saman da ka ji.

Wanda ya mayar da ita abin da ka ji shi ne Dick Dale, a 1962. Sunansa na yanka Richard Monsour, an haife shi a Boston a 1937, kuma dangin mahaifinsa 'yan asalin Lebanon ne, irin mutanen da muke ce wa Kwarori a Kano. A gidansu ya tashi yana jin wani ɗan'uwan mahaifinsa yana kaɗa udu, molon Larabawan nan marar gaɓoɓi (ƙarafan da ke gicciye a wuyan jita), kuma a hannunsa ya koyi buga ƙaramar gangar Larabawa. A 1954 iyayensa suka koma kudancin Kalifoniya, inda ya faɗa wasan hawan igiyar ruwan teku a kan allo, wanda ake kira saf. Daga nan sunan salon kiɗan ya samo asali. A 1961 yana kaɗa wa dubban matasa 'yan bakin teku a wani babban zauren rawa mai suna Rendezvous da ke Balboa. Shi da bakinsa ya sha ba da labarin cewa wani yaro ne ya ƙalubalance shi ko zai iya kaɗa waƙa guda a kan tsirkiya ɗaya tak, sai ya tuna da Misirlou da yake ji a gida, ya ɗora ta a kan babbar tsirkiya, ya ninka saurinta. Mu da muka san abin da marigayi Ɗanmaraya Jos yake yi da kuntigi, ɗan gwangwani da fata da tsirkiya ɗaya, ba za mu yi mamakin cewa tsirkiya ɗaya ta isa ba. In ka tuna yadda hannun mai kuntigi yake kaɗawa ba ya tsayawa, ɗaya hannun kuma yana yawo a kan sanda, to ka riga ka ga hoton aikin da ke gabanka.

Salon ya yi tashe na 'yan shekaru, sannan zuwan Beatles, ƙungiyar mawaƙan Ingila, Amurka a 1964 ya rufe shi. Fim ɗin Pulp Fiction ne ya farfaɗo da Misirlou a 1994 da aka buɗe fim ɗin da shi, kuma yawancin masu jin sa yau ta wannan ƙofa ya iso musu. Dale ya ci gaba da hawa dandamali har zuwa rasuwarsa a 2019.

Sai maganar abin da ya sa yake da ɗanɗanon gabas. Sirrin yana cikin tsanin sautin da aka gina shi a kai. Ɗauki jitarka, ka tsaya a kan babbar tsirkiya, ta shida, wadda ake ɗaure ta a E. Kaɗa ta a sake, sannan ka danna gaɓa ta 1, ta 4, ta 5, ta 7, ta 8, ta 11, ta 12. Sautukan su ne E, F, G#, A, B, C, D#, E. Ka lura da tafiyar: ɗan taki gajere, sai tsalle mai faɗi, sai ɗan taki gajere. Daga 1 zuwa 4 tsallen gaɓa uku ne, daga 8 zuwa 11 ma haka. Waɗannan tsalle biyu su ne gishirin kiɗan baki ɗaya. Larabawa suna kiran wannan tsani Hijaz Kar, kuma rabinsa na ƙasa shi ne Hijaz ɗin da kunnenka ya saba ji a muryar makarantan Masar da wasu ladanai. Ba haɗa ƙira'a nake yi da kiɗa ba, ina nufin tazarar da ke tsakanin sautukan ba baƙuwarka ba ce. Indiyawa ma suna da irinsa, suna ce masa Bhairav, saboda haka duk wanda ya tashi da finafinan Indiya ya sha jin wannan launi. Ɗaliban da na koyar a nan ba sa shan wahalar rera shi ko kaɗan, wahalarsu a hannu take.

To ka fara da baki. Jimlar farko ita ce 0, 1, 4, 5, 7, 8, 11, 8, 7. Sautin farko ana riƙe shi, na ƙarshe ma ana riƙe shi ya fi kowanne daɗewa. Rera ta da "la la" kana tafiya, kana wanka, har ta zauna maka daram. Daga nan ka kaɗa ta a jita, bugu ɗaya ga kowane sauti, babu karkarwa ko ɗaya, da irin nutsuwar faifan 1927. Jimlar tana maimaita kanta, sannan waƙar ta fara gangarowa daga 8 zuwa 7, zuwa 5, zuwa 4, zuwa 1, har ta sauka gida a tsirkiya sake, amma ba kai tsaye take sauka ba, kowane taki sai ta ɗan waiwaya baya kamar mai saukowa daga tsani yana duban sama. Wannan ɓangaren da gangan na ƙi rubuta maka shi da lambobi. Rage saurin faifan zuwa rabi, YouTube yana ba da damar haka, ka tsinto shi da kunnenka. Abin da ka tsinta da kunne ba ya ɓace maka a gaban mutane, na takarda kuwa yana ɓacewa.

Wani abin da zai faranta maka rai: bayan an gama zagaye a babbar tsirkiya, sai a koma siririyar tsirkiya ta ɗaya, wadda ita ma E ce, a maimaita waƙar a kan gaɓoɓin nan dai. Hannun hagunka abu ɗaya zai koya, ya ci riba biyu.

Yanzu hannun dama, inda duk rigimar take. Jita ba ta jan sauti kamar goge ko algaita. Ka kaɗa, ya yi ƙara, ya mutu. Masu udu sun daɗe da samo dabarar: a yi ta maimaita sautin da sauri, ƙasa, sama, ƙasa, sama, har kunne ya ji kamar sauti ɗaya ne dogo mai karkarwa. Faifan Dale yana tafiya a wajen bugu 170 a minti, kuma a kowane bugu makaɗin, wato ɗan robar da ake kaɗa tsirkiya da shi, yana taɓa tsirkiya sau huɗu. Ka lissafa, wajen 680 ke nan a minti, fiye da goma sha ɗaya a daƙiƙa guda. Babu hannun da zai yi haka na minti biyu da ƙarfi. Sai da sakewa.

Kuma ba karkarwar zazzaɓi ba ce, ƙidayayyiya ce. Nan ne yawancin masu koyo suke ɓata. Suna girgiza hannu iya saurinsu ba tare da sanin sau nawa suka taɓa tsirkiya ba, sai hannun hagu ya rasa lokacin da zai motsa, kiɗan ya zama kunu. Dale mai ganga ne tun kafin ya zama mai jita, kuma ya sha faɗin cewa makaɗin ganga Gene Krupa yake kwaikwayo. In ka kasa kunne da kyau za ka ji bugun farko na kowane huɗu ya fi sauran nauyi: TA-ka-ta-ka, TA-ka-ta-ka. Wannan TA ɗin kullum a bugun ƙasa yake faɗowa, kuma shi ne turken da komai yake ɗaure a kai.

Ga yadda nake sa ɗalibi ya yi. Ka sauke manhajar metronom a wayarka, ma'aunin bugun nan mai ƙwas-ƙwas, ka sa ta a 80. Riƙe makaɗin tsakanin babban yatsa da gefen manuniya, ka bar ɗan bakinsa kaɗan ya leƙo, kamar tsawon ƙwayar shinkafa. In ya leƙo da yawa, nutsewa zai yi a cikin tsirkiya ya maƙale. Ka ɗan karkatar da shi, yadda gefensa ne zai zame a kan tsirkiya maimakon ya dake ta da faɗinsa. Makaɗin ya zama mai kauri, milimita ɗaya ko fiye, domin mai laushi lanƙwashewa yake yi, kafin ya miƙe ka riga ka wuce shi. Ka kaɗa kusa da gadar jita, wato wurin da tsirkiyoyi suke kafe a jikin jitar, inda tsirkiya ta fi tauri kuma ba ta lilo sosai. Gefen tafin hannunka ya ɗan jingina a kan gadar don ya sami madogara. Motsin kuma daga wuyan hannu zai fito, haɗe da ɗan juyin sangali, irin motsin mai yarfe ruwa daga yatsunsa bayan ya wanke hannu. Babbar tsirkiya a sake, huɗu-huɗu, minti biyu cur, hannun hagu ba ya komai sai kwantar da sauran tsirkiyoyi.

Yayin da kake yi, ka riƙa bincikar jikinka. Kafaɗarka ta ɗaga? Sauke ta. Haƙoranka sun cije? Saki. Kana numfashi kuwa? Na taɓa koyar da wani yaro da kullum a daƙiƙa ta ashirin yake tsayawa cak, muka yi ta neman dalili a hannunsa, ashe numfashi yake riƙewa tun daga bugun farko. Da na sa shi ya riƙa ƙidaya da baki yana kaɗawa, a ranar ya yi minti guda bai tsaya ba. In ka yi minti biyu a 80 hannunka sakayau, ƙara biyar. In ka ji ƙagewa, koma baya da goma. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai bangon da kusan kowa yake cin karo da shi a tsakanin 120 da 135. Dalilinsa shi ne motsin da hannu yake yi a hankali daban yake da wanda yake yi da gudu, kamar yadda tafiya da gudu suka bambanta a ƙafa. Saboda haka hawa biyar-biyar kaɗai ba zai tsallakar da kai ba. Abin da ke aiki shi ne gudun ɗan taƙi: sa metronom a 160, ka kaɗa biyar kawai, TA-ka-ta-ka-TA, ka huta bugu uku, ka sake. Hannu yana iya biyar ba tare da ya tsorata ba. In sun fito tsaf, mayar da su tara, sannan goma sha uku, sannan goma sha bakwai. Ka riƙa yin aikin biyu a rana ɗaya, doguwar tafiya a hankali da gajeren gudu, wata rana za ka tarar sun haɗe a tsakiya.

Ina roƙonka da abu ɗaya: ka bambance gajiya da ciwo. Gajiyar tsoka ɗumi ce da ke wucewa in ka huta. Zafi mai tsini a wuyan hannu ko a gwiwar hannu, ko yatsu su riƙa yin kamar ana tsira musu allura, wannan umarnin tsayawa ne. Lokacin da nake koyon kiɗan nan na yi taurin kai, na yi ta turawa a kan ciwo, na ƙare da makonni ban iya riƙe ko cokali da daɗi ba, balle jita. Minti goma sha biyar sau biyu a rana ya fi awa biyu a zama ɗaya nesa ba kusa ba.

Haɗa hannayen biyu shi ne mataki na gaba, kuma dokarsa ɗaya ce: yatsan hagu yana sauka ne daidai da bugun ƙasa, ba kafinsa ba, ba bayansa ba. Koma 80, ka ba kowane sauti a tsanin bugu huɗu, ka hau ka sauko. Hannun dama kada ya san ana wani abu a hagu, nasa dai ya ci gaba kamar injin markaɗe. A wajen tsallen nan biyu, 1 zuwa 4 da 8 zuwa 11, idonka ya riga yatsanka isa: ka kalli gaɓar da za ka, ba wadda kake kai ba. Wasu suna amfani da manuniya da ƙaramin yatsa su miƙa, wasu suna zamewa da yatsa ɗaya ko biyu a tsawon wuyan jitar. Ni na fi son zamewa, domin ɗan kukan da tsirkiya take yi a hanya yana kusantar da jita ga udu, kuma yana mayar da waƙar kamar murya. Amma zamewar ta zama mai niyya, ta tashi a kan lokaci ta sauka a kan lokaci. Sauran yatsun da ba sa aiki su kwanta a hankali a kan tsirkiya ta biyar don kada ta yi ta gunaguni a bayan fage.

Da ka koma siririyar tsirkiya za ka ji komai ya sauya. Ba ta da nauyin da za ta tura makaɗin ya dawo, kuma babu wata tsirkiya a ƙasanta da za ta tare shi, sai hannu ya riƙa wuce gona da iri. Rage faɗin motsin, rage ƙarfi, ka ba ta nata lokacin atisaye daban.

Gangarowar nan da kiɗan yake buɗewa da ita, wadda ake cewa tana kwaikwayon igiyar ruwa tana karyewa, ba ta da wuya in karkarwarka ta zauna. Ɗora yatsa a babbar tsirkiya wajen gaɓa ta 12 ko sama da haka, fara karkarwa, ka ja yatsan zuwa wajen gaɓa ta 1 ba tare da ka ɗaga shi ba, gefen tafin dama yana ɗan danne tsirkiyar a bakin gada. Kuskuren da ake yi shi ne a fizge hannun hagu. Ja shi da nauyi, ka bar kowace gaɓa ta yi magana, ka sauka a tsirkiya sake daidai kan bugun farko.

Game da kayan aiki, kada ka bari su hana ka barci. Gaskiya ne Dale da Fender Stratocaster yake kaɗawa, kuma tsirkiyoyinsa masu kaurin gaske ne, siririyar cikinsu lamba 16 ce, alhali yawancin jitocin lantarki da 9 ko 10 suke zuwa. Bahago ne kuma, ya koyi jita a juye ba tare da ya sauya jerin tsirkiyoyi ba, saboda haka babbar tsirkiyarsa a ƙasa take. Wannan ya sa in kana kallon bidiyonsa kada ka kwafi tsayuwar hannunsa, ba za ta yi daidai da taka ba. Ƙarar da yake buƙata a zauren Rendezvous ta sa ya yi ta ƙona amfilifaya, har Leo Fender, wanda ya kafa kamfanin jita na Fender, da mutanensa suka yi aiki da shi wajen inganta samfurin Showman mai lasifikar JBL inci 15. Kai ba zaure za ka cika ba. In za ka iya, sa tsirkiya lamba 11, za ka ji ta fi tsayawa a ƙarƙashin makaɗi. Zaɓi maɗaukin sautin da ke kusa da gada, wato ɗan maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiyoyin jitar lantarki, ka bar amfilifaya a tsabtace, kada ka sa murɗaɗɗen sautin nan na 'yan rok, domin yana cinye bakin kowane bugu. Ko jitar katako ma ta isa atisayen hannun dama, ko an ɗauke wuta aikinka bai tsaya ba.

Abin da ke ba kiɗan saf jiƙaƙƙen sautinsa shi ne amsa-kuwwar sifirin. Fender ta fito da wani akwati na musamman a 1961, a cikinsa akwai siraran sifirin na ƙarfe, dabarar da aka aro daga kamfanin Hammond mai ƙera ogan. Sauti yana shiga sifirin ɗin, ya yi ta kai da komo, ya fito da jela. In ka danne tsirkiya da gefen tafi ka kaɗa ta da ƙarfi, sai ka ji wani ɗis kamar ɗigon ruwa a cikin randa. Masoya salon nan a kan wannan ɗis ɗin suke mutuwa, ni ma ina cikinsu. Ƙananan amfilifaya da yawa da fedal masu araha suna da kwaikwayonsa. Amma ka kashe shi ƙurmus yayin atisaye. Amsa-kuwwa tana rufa asirin hannu marar daidaito, sai ka ɗauka ka iya. Ɗauki kanka a waya ba tare da ita ba, ka saurara washegari da safe, za ka ji duk inda bugun sama ya fi na ƙasa rauni. In ya fito tsaf a bushe, sannan ka kunna ta a matsayin tukwici.

A tsakiyar faifan akwai inda ƙaho yake karɓar waƙar, jita ta ja baya. A nan ne kiɗan yake barin E da F da ya yi ta lilo a tsakaninsu, ya gangaro ta haɗe-haɗen sautukan da ake kaɗawa tare, wato Am, G, F, ya dawo E. In kai kaɗai ne, wurin hutun hannunka ke nan: kaɗa waɗannan a buɗe, ka sassauta yatsu, ka ja numfashi kafin karkarwa ta dawo. In kuma kana da aboki mai ganga, ka roƙe shi ya ba ka bugun saf, wanda ƙaramar ganga take faɗowa sau biyu a bugu na biyu, sau ɗaya a na huɗu: dum, ta-ta, dum, ta. Ku fara a 130, kada ku damu da 170 tukuna. Ka sa kunnenka a kan babbar gangar ƙafarsa, duk lokacin da ta ce dum, TA ɗinka ya faɗo tare da ita.